Mai Binciken Fatalwa A Cikin Taɓo

Wani ne a garinmu na bakin teku, irin mutanen nan da ba a taɓa kawo maganar da ba su sani ba. Ka ce haƙori ke maka ciwo, shi likita ne. Ka ce injin jirgi ya ƙi tashi, shi makanike ne. Bai taɓa kama kifi ko na rantsuwa ba, amma kullum yana gindin bishiyar ƙofar ɗakin bauta yana koya wa masunta yadda ake jefa taru. Ni kam ba na son zama kusa da shi, don ko shayi nake sha sai ya gyara mini riƙon kofi.

To, sai wata na bakwai ya kama, watan da ake buɗe wa mamata ƙofa su fito yawo. Kowa ya ajiye musu shinkafa da kaza a ƙofar gida, ana ƙona musu kuɗin takarda, ba mai zuwa wanka a teku. Ana cikin haka sai magana ta ɓulla wai ana ganin fatalwa a gadar masunta, doguwar gadar katakon nan da ta miƙe cikin ruwa, inda jirage ke sauke kifi.

Wadda ta fara gani ita ce Goggo Gim-hong mai sayar da ƙaguwa. Ta ce da sassafe, cikin hazo, ta hango wani farin kai yana leƙowa daga ƙarƙashin gada. Kafin rana ta take kan nan ya yi gashi. Kafin yamma ya yi haƙora. Washegari har an samu wanda ya ji shi yana tari.

Masunta suka ƙaurace wa gadar, suka koma sauke kifi a garin maƙwabta. Kasuwa ta mutu murus. Mai unguwa Pua kuwa zaɓe ya ƙarato, hankalinsa ya tashi, ya tara jama'a a ƙofar ɗakin bauta.

Ya ce, "'Yan'uwa, mutum ɗaya nake nema. Ya je ya bincika, ya dawo ya gaya mana abin da ke ƙarƙashin gadar nan."

Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Sai mutumin naku ya miƙe, ya gyara wando.

"Ni zan je. Ai wannan fannina ne."

Matarsa Siu-kim tana daga baya da kwandon cefane. Ta ce, "Fanninka? Kai da in ɓera ya motsa a kicin ni kake turawa?"

Ya ce, "Ke, yi mana shiru, maganar ilimi ake yi."

Daga nan ya hau kan benci ya shiga lacca. Ya ce fatalwar ruwa wani ne da ya nitse ya mutu, kuma ba ya samun tafiya sai ya jawo wani ya maye gurbinsa. Wannan kowa ya sani tun yana goye, amma ya faɗe shi kamar jiya ya gano. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Abin da ba ku sani ba, jahilai, shi ne wayonta. Takan ari muryar wanda ka sani. Ta kira ka da sunanka, ta yi kuka, ta ce ka taimake ta. Kana miƙa hannu, shi ke nan, sai dai a ƙona maka kuɗin takarda baɗi."

Wani masunci, A-tek, ya ce, "Kawu, to in muryarka muka ji fa?"

"Yawwa! Tambayar mai ɗan hankali. Ko muryata kuka ji, ko fuskata kuka gani, kada wanda ya miƙa hannu. Kada wanda ya jefa igiya. Duk rantsuwar da za ta yi muku, ƙarya ce. Ku tashi ku yi alkawari."

Bai bar su ba sai da kowa ya kunna tsinken turare, ya tsaya gaban gunkin Uwar Teku ya yi alkawari. Har mai unguwa.

Bincike ya fara. Mutumin ya samu kujera a shagon mai shayi, can nesa da ruwa, da rana tsaka, ya aro madubin hangen nesa ya ƙura wa gadar ido. In ya gaji ya ci gyaɗa. Da yamma ya sanar da sakamako.

"Babu komai. Ta ji labarina ta gudu."

A-tek ya tofar da jan yawun goro ya ce, "Kawu, da rana tsaka? Daga cikin shago? Ai ni ma daga nan ba na ganin gadar, balle abin da ke ƙarƙashinta."

Goggo Gim-hong ta ce, "Da sassafe take fitowa. In ka isa, je da sassafe."

Aka fashe da dariya. Abin ya yi masa ciwo. Mai unguwa ya dafa shi ya ce, "Malam, mutuncinka da kujerata duk suna kan gadar nan. Daure."

Gari na wayewa ya fito cikin shiri. Gishiri a aljihun dama, ɗanyar shinkafa a na hagu. Layar ɗakin bauta liƙe a goshi, wata a ƙeya don kada a zo masa ta baya. Ya sa farar rigar ruwan matarsa a juye, wai don fatalwa ta ruɗe ta rasa gabansa da bayansa. Ya hau gada.

Lokacin ruwa ya janye, ba komai a ƙasa sai baƙin taɓo mai wari, hazo kuma ya rufe ko'ina. Ya yi tafiya har ƙarshen gada. Ya leƙa. Sai ga farin kai, da gashi buzu-buzu.

Ya watsa gishiri. Kai bai motsa ba. Ya watsa shinkafa. Kai bai motsa ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wucewa kawai nake yi."

Da ya ga ba a cinye shi ba, sai ya buɗe ido sosai. Ashe farin tulun roba ne, irin wanda ake ɗaura wa taru don kada ya nitse, ya maƙale a jikin ginshiƙi da guntun tsohon taru a kansa.

Nan take jarumtaka ta dawo masa. Ya ce, "Tabɗi! Yau Gim-hong za ta san ni. A tsakiyar kasuwa zan ɗora mata wannan a ka."

Ya kwanta rub da ciki, ya miƙa hannu. Bai kai ba. Ya ƙara matsawa. Katakon bakin gada ya ce ƙaras, mutumin ya tafi da ka.

Ya sha fama kafin ya juyo da kansa sama. Da ya miƙe, taɓo ya riƙe shi har ƙugu. Tulun ya fashe, ya shige can ƙasa. Tarun kuwa ya koma kansa. Fuska baƙa ƙirin, sai idanu biyu. Ya ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara nitsewa. Sai ya ji sanyi a cibiya. Ruwa ya fara dawowa.

"Jama'a! Ku taimaka! Wayyo, jama'a!"

Ihun ya kai kasuwa. Mutane suka taho a ɗarare, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba, har suka iso inda katako ya karye. Goggo Gim-hong ta leƙa ta kurma ihu.

"Ita ce! Na rantse ita ce! Har ta yi ƙiba!"

"Ke Gim-hong, ni ne! Ba wata fatalwa, tulun roba ne!"

"Kun ji ko? Ta san sunana!" Ta zube a jikin mai shayi.

Mutumin ya hango A-tek da igiya a kafaɗa. "A-tek, ɗan albarka, jefo igiyar nan!"

A-tek ya ja da baya. "Kai, amma muryar ta yi kama! Kamar shi ya tofa ta."

"Ni ɗin ne, sakarai!"

"Ai ya gaya mana haka za ki ce."

"To ni na gaya muku!"

"Wannan ma ya ce za ki faɗa."

Wani ya ce a gwada ta da tambaya. Aka ce ta faɗi sunanta. Mutumin ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na kakansa, har da unguwar da aka binne kakan.

Mai shayi ya girgiza kai. "Wannan ba hujja ba ce. Ai tare suke zama da kakan a can, shi ya ba ta labari."

Ruwa ya kai ƙirji. Wata tsohuwa ta ce yunwa ce ke sa su ihu, a ba ta abinci ta tafi. Aka jefa masa dafaffiyar kaza, ta same shi a goshi. Aka bi da lemo, da curin shinkafa. Wani ya kunna kuɗin takarda ya saki, toka ta cika masa baki. Direban motar kifi kuwa ya durƙusa a bakin gada, ya rage murya.

"Baiwar ruwa, tun da kin fito, ɗan taimaka da lambobin cacar satin nan. Ko biyun ƙarshe ne."

"Uwarka ce lambar! Ku ciro ni!"

Direba ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Shekarun tsohuwata take nufi. Riƙe mini a ka."

Mai unguwa Pua ya iso yana haki. Mutumin ya ga ceto ya zo. "Ranka ya daɗe, kai ka aiko ni! Ba da umarni!"

Mai unguwa ya share gumi, ya dubi jama'a, ya dubi ruwa. "To, 'yan'uwa, abin da wuya. In fatalwa ce muka jawo, gari ya shiga uku. In kuma shi ne muka bari, ƙuri'a ɗaya ta tafi." Ya ɗan yi tunani. "Wa ya san wanda ya zaɓa wancan karon?"

Aka ce a tambayi Uwar Teku. Aka kawo 'yan katakon duba guda biyu, mai unguwa ya ɗaga su sama ya saki. Suka faɗi duk biyun a rigingine, alamar ba e ba a'a, dariya kawai take yi. Aka sake. Dariya. Aka sake. Ɗaya ya gangara ta tsakanin katako ya faɗa teku.

Ruwa ya kai wuya. Yanzu kam abin ya daina ba ni dariya, don ina wurin, kuma na ga idanun nan biyu sun fara neman sama. Na so in ce a jefa igiyar, amma ni ma na riƙe turare na yi alkawari, kuma gaskiya ban shirya maye gurbin kowa ba.

Sai mai shayi ya ce, "Ku kira Siu-kim. In akwai mai gane shi, ita ce."

Aka same ta tana wanke-wanke. Ta taho da kumfa a hannu, jama'a suka buɗa mata hanya. Ta tsaya a bakin gada, ta riƙe ƙugu, ta leƙa.

"Wannan dai rigata ce."

Mutumin ya ɗaga haɓa don kada ruwa ya shiga bakinsa. Da ya ga matarsa sai ya fashe da kuka.

"Siu-kim! Uwargida! Hasken gidana! Na yi kuskure. Ban san komai a kan fatalwa ba, ban san komai a kan komai ba. Duk gardamar da muka taɓa yi, ke ce mai gaskiya. Ki yafe mini. Don Allah ki ce su ciro ni."

A-tek ya fara warware igiya. Siu-kim ta daka masa tsawa.

"Mayar da igiyar nan! Ku ja da baya, duk ku ja da baya! Wannan ba mijina ba ne. Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Ta cinye shi, ta sa rigata, kuma ko kwaikwayonsa ba ta iya ba."

Mata suka kama ta, aka fara koke-koke. Mai unguwa ya cire hula. Jama'a suka juya za su tafi.

Mutumin ya kurɓi ruwan gishiri, ya furzar, ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa.

"Ke dawo nan, shashasha mai kan kabewa! Daƙiƙiya 'yar daƙiƙai! Duk laifinki ne! Da kin sayi riga mai kyau da santsinta bai kwashe ni ba! Kuma ba haka ake tsayawa a bakin gada ba, jahila, ƙafa ɗaya ake sawa a baya!"

Siu-kim ta tsaya cak. Ta juyo, ta share hawaye da bayan hannu.

"Shi ne. A-tek, jefa masa igiyar, amma kada ka yi sauri."