Ranar da Na Rabar da Takalman Manyan Baƙi

Ba zan taɓa mantawa ba, shekarar da aka cire tallafin mai ce, lokacin da mu masu keke-napep muka koma kashe inji a gangara. A shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci na wata ƙungiyar taimakon marasa ƙarfi a Tudun Wada, ina da shekara arba'in da bakwai. Duk masu aikin ƙungiyar 'yan sa-kai ne. Malamarmu, Madam Rahila, 'yar kudancin Kaduna, daga ofis take wucowa ta zauna tana fama da rubutunmu.

Ganin haka na ce ni ma sai na taimaka. Wata huɗu ina roƙon a ba ni aiki, wata huɗu ana ba ni jera benci. (Mutum da kekensa da furfurarsa, wai benci.) Na daure, don haƙuri dai ina da shi. Ranar rabon tufafi da takalma sai Madam ta ce ni zan kwashe takalman da jama'a suka kawo, in rubuta a jikin buhu na maza ko na mata, in kai Maitumbi inda ake rabon. Ta ce in na yi daidai, daga ranar ni ne mai kula da kaya.

A barandar gidan shugaban ƙungiya ake tara takalman. Na kai sawun farko na dawo, sai na tarar da wasu a jere a bakin ƙofar falo, sai ƙyalli suke yi. Na ce a raina, mutanen Minna akwai kyauta. Na ji muryoyi a cikin falon, amma ban kawo komai ba, ni da tun ina yaro nake cire takalmi a ƙofar mutane. Hankalina duk yana kan rubutun. Na zuba su a buhu, na zana NA MAZA, rubutu mafi kyau da na taɓa yi, na ja keke. A Maitumbi ko minti goma ba su yi ba.

Da na dawo sai ga manyan baƙi masu ba ƙungiyar gudummawa, har da liman da fasto, tsaye a kan siminti da tsakar rana, kowa yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Madam ta dube ni, ta dubi keken.

"Malam, buhu nawa ka kai?"

Na ce uku.

"Biyu muka tara."

Na so in ce to me ya sa za a cire takalmi kusa da na sadaka, amma wa zan gaya wa? Haka na sake ƙona mai na koma Maitumbi, ina bi gida-gida ina karɓar abin da na bayar. Wasu sun mayar suna dariya. Wani dattijo kuwa ya riga ya sa na liman, ya yi masa cif.

"Ɗana, da hannunka ka ba ni, na yi maka addu'a. Ita ma addu'ar in janye?"

Na bar masa. Liman da silifas ɗin alwala na gidan shugaba ya koma gida.

Abin haushin, har yau in na shiga masallacin unguwa sai wani ya sunkuya ya ɗauki takalminsa yana murmushi. Na dai koyi cewa aikin sa-kai yana son zuciya, amma ya fi son tambaya. Takalman mutum tara na kwashe, na biyar suka dawo. Na huɗu sun tafi, da man sawu biyu, da muƙamin mai kula da kaya. Ina nan a kan benci.