Yadda Za Ka Rufe Bakin Injin Niƙa, Naka Ya Buɗe

Kai mai injin niƙa da ka hana unguwa barcin rana, matso kusa. An gwada hanyar nan a Sabon Birni, a kan Sodangi mai niƙa, kuma ta ci. In ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawari injinka zai yi laƙwas har ka ji kukan cikin na ƙarshen layi.

Mataki na 1: Samu maƙwabci mai ƙorafi

Ba a taɓa ganin mai inji ya ji ƙarar injinsa da kansa ba, sai an taimaka masa. Mai taimakon Sodangi shi ne Badaru mai kiwon kaji, wanda ya je gaban mai unguwa ya rantse cewa kajinsa sun daina ƙwai don firgita. Mai unguwa ya yanke hukunci: ko inji ya yi shiru, ko a kwashe shi zuwa bayan gari, can hanyar Kurawa.

Masana sun tabbatar kaza ba ta ƙarya. Mai ita ne ba a gama bincike a kansa ba.

Mataki na 2: Samu dalilin ƙin tashi

Dalilin Sodangi sunanta Hajo, wata bazawara mai sayar da fura, da ke kawo geronta kowace safiya. In ya koma bayan gari, injin bakin kasuwa za ta riƙa zuwa, shi ke nan ya rasa ta.

Tun rasuwar matarsa Sodangi yake zaune shi kaɗai, ga shi da kunya kamar sabon ango. In Hajo ta gaishe shi, sai ya amsa wa kwanonta. Amma da ya tayar da inji, ƙara ta cika rumfa, sai ya dubi geron da ke gangarawa ya buɗe murya ya faɗa mata duk abin da ke ransa. Inji ya haɗiye. Ta ɗauki garinta ta tafi, shi kuma ya wuni da sanyin zuciya, kamar wanda ya je zance ya dawo.

Mataki na 3: Gina wa injin ɗaki

Ka zagaye shi da bulo, ka yi rufi, ka sa ƙofa mai kauri. Ka bar 'yar kafa inda bel zai fito ya juya abin niƙan. A ƙarƙashin injin ka shimfiɗa tsofaffin tayoyi, don ya daina girgiza ƙasa.

Mataki na 4: Cushe bangon

Tsohuwar katifar soso, buhunan ƙaiƙayi, kwalin da ake jera ƙwai, duk ka manna su daga ciki. Kwalayen Sodangi daga wurin Badaru suka fito, kyauta, kuma da sauran ɗanyen ƙwai a jikinsu. Sodangi ya duba, ya dubi Badaru, ya ci gaba da manna su. Kai ma haka za ka yi.

Mataki na 5: Bar masa hanyar numfashi

Sodangi ya manta da wannan. Gwajin farko, inji ya yi zafi, katifa ta fara hayaƙi, matan unguwa suka fito da bokitai suna salati. Ka fitar da salansa ta bango, ka huda wa iska hanya sama da ƙasa. Inji kamar dattijo yake, yana yarda a rufe shi, amma ba ya yarda a shaƙe shi.

Mataki na 6: Kada ka sanar da bakinka an yi gyara

Wannan shi ne zuciyar aikin.

Ranar da aka koma niƙa, layi ya kai bakin titi. Badaru ya zo ya tsaya don ya shaida. Sodangi ya shiga ya tayar da inji, ya fito ya ja ƙofa. Ƙara ta koma gurnani can ƙasa-ƙasa. Amma kunnen da ya daɗe a cikin ruri ba ya gane shiru nan take. Hajo ta miƙa kwanonta, hannunsa ya juye gero yadda ya saba, bakinsa ma ya yi yadda ya saba.

"Hajo!" ya kwarara da iyakar ƙarfinsa. "Wallahi ina son ki! Wata rana za ni tahi garin Isa in ga baffanki!"

Duk layi ya juyo. Mai babur da ke wucewa ya taka birki.

Wata tsohuwa, Inna Bara'atu, ta gyara lulluɓinta ta ce, "Mi ka ce, Sodangi? Ƙara faɗi, na baya ba su ji da kyau ba."

"Sun ji, Inna," in ji Badaru. "Har kajina sun ji."

Sodangi ya dubi ƙofar ɗakin inji yana auna ko mutum zai iya shiga ya zauna can har abada. Hajo kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tara kwanonta a bakin gari.

"Malam Sodangi," ta ce a hankali, "ai ina ganin bakinka kullum. Tun bara nike ce maka ka tahi. Kai ne ba ka ji."

Inna Bara'atu ta rangaɗa guɗa. Kafin la'asar Sodangi ya rufe rumfa, ya ari babbar riga, ya hau bayan mai babur ɗin nan ya nufi Isa, da sauran gari fari fat a girarsa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a gobarar katifa, ko goron ɗaurin aure, ko ƙwan da kaji suka yi ko suka ƙi yi. Bulo da soso kawai ya koya maka. Sodangi ya yi sa'a, maganar so yake ɓoyewa a cikin ƙara. Kai kuma da ka saba tayar da inji ka fara lissafa halayen surukinka alhali yana tsaye a gabanka, shawara ɗaya ce: kwashe injinka ka nufi hanyar Kurawa.