Dorinar Darren Kowalchuk

"Ki ba ni Asabar ɗin nan kawai," Darren Kowalchuk ya ce wa matarsa, yana buga ƙirji a tsakiyar kicin. "In Tessa ba ta roƙe mu mu bar ta ta kwana a ɗakinta ba, ki canza mini suna. Hannun nan da kike gani, sayar da taya ne ya ɓata masa lokaci. Da yanzu zanena na rataye a gidan gwamna."

Ku da ba ku san Darren ba, taya yake sayarwa a birnin Winnipeg mai tsananin sanyi, kuma tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin "ban iya ba" a bakinsa ba. Damuwar gidan kuwa ita ce Tessa, 'yarsu mai shekara huɗu, wadda ta ƙi ɗakinta ƙememe. Kullum a tsakiyar iyayenta take kwana, kai a cikin uwa, diddige a haƙarƙarin uba. Abu ɗaya take ƙauna a duniya: Bumbi, wata dorina ruwan hoda da take kallo a katun. Dabarar Darren ita ce ya zana Bumbi a bangon ɗakin, daga ƙasa har rufi.

Matarsa Shauna ta ce, "Akwai sitikar Bumbi a kanti. Ka ɓare, ka manna, shi ke nan."

"Sitika? Ni? Shauna, ai sitika ta ragwaye ce."

"Shi ya sa na ce ka sayo."

Gogan naku ya yi kamar bai ji ba. Ya tsallaka wurin maƙwabcinsa Merv, wanda ke share ƙanƙara a ƙofar gida, ya aro majigi, don ya haska hoton a bango ya bi layin da fensir. Merv ya ce, "Ka ɗora shi a kan tebur, daidai tsakiyar bango."

"Merv, ka ci gaba da share ƙanƙararka. Ka bar wa masu fasaha fasaha."

Sarkin fenti ya kulle kansa a ɗaki, ya ajiye majigin a ƙasa, ya tokare gaban majigin da takalmin wasan hoki don ya kalli sama. Hoto ya fito ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, kai kuwa ya cika rabin bango. Darren ya ja baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce haka manya suke yi.

Ya tsayar da katun ɗin Bumbi da ya kunna a kwamfuta, ya fara zane. Ya gama ido ɗaya ke nan kwamfuta ta yi barci. Ya dangwale ta, fim ya ɗan matsa gaba, Bumbi ta juya kai. Bai lura ba, ya ƙara idanu biyu. Da ta sake yin barci ya sake dangwala, wannan karon ya kama Bumbi tana tsakiyar hamma. Ya bi layin hammar tsaf, haƙori bayan haƙori.

Sai fenti. Mutum kamar Darren ba ya sayen abin da yake da shi a gareji. Ya ɗauko ragowar jan fentin shinge, ya zuba ɗan farin da ya rage don ya samu ruwan hoda. Farin bai isa ba. Abin ya fito kalar ɗanyar hanta, ga shi tsararo, yana gangarowa daga leɓen dorina har ƙirjinta. Idanu da haƙora kuwa, ya tono wani ƙaramin gwangwani mara suna da ya rage tun Halowin, bikin shigar dodanni, ya ga fari-fari ne, ya shafa.

Shauna ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Darren, warin me nake ji?"

"Ƙanshin aiki ne!"

"Buɗe in gani."

"Sai an gama. Ki kira Merv ma, ya zo ya ga yadda ake yi."

Ƙarfe biyar na yamma, a Disambar Winnipeg, gari ya riga ya yi duhu. Darren ya jera su a bakin ƙofa, ya sa Tessa a gaba, ya buɗe da ƙarfi.

Kowa ya zuba wa bangon ido.

Merv ya cire hula. "Mota ce ta take ta?"

Tessa ta riƙe siket ɗin uwarta. "Baba, wannan ne ya cinye Bumbi?"

"Ita ce Bumbin, 'yar lele! Fitilar nan ce take ɓata kalar. Tsaya ki ga yadda za ta yi kyau lokacin barci."

Ya kashe fitila.

Jama'a, ashe fentin gwangwanin nan mai haske a duhu ne. Bango ya ɓace, dorina ta ɓace, sai idanu uku kore shar da haƙora reras suna shawagi a saman gadon yarinya. Tessa ta ƙwalla ƙarar da ta tada karnukan layin, ta haye uwarta kamar bishiya. Merv ya yi baya ya taka bokitin fenti.

"Darren," in ji shi daga cikin duhu, "in Halowin ta zo, ka ara mini ɗakin nan."

Shauna ba ta ɗaga murya ba. "Da ma gadonmu ya yi wa mutum uku kaɗan. Tessa tana wurina. Kai kuma ga gado, ga Bumbinka."

"Da farin ciki! Mai zane ai kusa da aikinsa yake kwana."

Washegari da safe Shauna ta sauko da ƙafa daga gado, ta ji ta taka abu mai laushi. Darren ne a kan kafet, ya dunƙule kamar ƙullin wanki, ya lulluɓa da tawul.

"Sanyi ne," in ji shi da sauri. "Ɗakin can iska na shiga ta taga."

Tessa ta leƙo daga cikin bargo, ta miƙa hannu ta shafa masa kai.

"Mama, ƙyale shi, na yau kaɗai. Amma Baba, ka fa girma. Gobe a ɗakinka za ka kwana."