Nomau a Bakin Kwalta

A Rafin Gora, gida na ƙarshe kafin a hau kwalta, nan Nomau yake zaune da mahaifiyarsa Inna Dela, da wansa Salmanu, da matar wan, Lantana, da 'yar jaririyarsu Marka da aka haifa tsakiyar damina. Nomau ya isa aure tuni, ga tsawo ga faɗin ƙirji, sai dai Allah bai ba shi irin kan da ke lanƙwasa magana ba. Abin da aka faɗa masa shi ne abin, ba ya ragewa, ba ya ƙarawa. Mutanen gari suna ce masa wawa ba tare da ƙiyayya ba, kamar yadda ake ce wa dogo dogo.

Salmanu ɗan lambu ne. Kullum da safe yakan ɗaure kwanduna biyu na alayyafo da latas a kariyar kekensa ya nufi kasuwar birni, kuma duk lomar da ake kaiwa baki a gidan a kan keken nan take zuwa. Tun da aka buɗe ramin yashi gaba da garin, tifofi suka cika hanya, suna wucewa har ƙasa na rawa. Salmanu ya shiga tunanin da ba ya faɗa wa kowa sai matarsa: idan wani abu ya same shi a titin nan, wa zai riƙe tsohuwa da idonta ya fara gazawa, wa zai riƙe yarinyar da ko zama ba ta fara ba. Shi ya sa ya ɗaura aniyar koya wa ƙaninsa keke, ko da za a shekara ana yi.

Wata rana ya ɗora shi a sirdi ya ce ya je bakin gada ya dawo. Ya ja masa kunne ya lafe a hannunsa na dama, ko me za a yi kada ya tsallaka ɗaya hannun, don can ne motoci ke zuwa wa mutum gaba da gaba. Nomau ya taka feda, iska ta cika masa riga, daɗi ya kama shi. Da ya isa gada ya dubi hanyar komawa, ya ga tana can tsallake inda aka hana shi, sai ya ci gaba. Ya wuce ƙauyukan da ya sani, ya shiga waɗanda bai sani ba, har kwalta ta ƙare a gindin wata kuka. Nan Salmanu ya same shi dab da magariba, a kan keken aro, ƙafa duk ta yi tsami.

"Yaya, ni na yi ta jira hanyar ta juyo, ba ta juyo ba."

Salmanu ya yi dariya har ya riƙe ciki. Wata tifa ta wuce ta watsa musu tsakuwa, ya daina dariyar.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Salmanu, dole aka ɗora wa Nomau kayan. Wan ya ce idan ya kai mararrabar kasuwa ya sauka, ya duba dama ya duba hagu, kada ya tsallaka sai ya ga babu abin da ke tahowa. To hanyar wajen miƙaƙƙiya ce kamar zare, ido na cin nisa. Nomau ya sauka ya riƙe keke. Mata masu tallan nono suka tsallaka, makaho da sandarsa ya tsallaka, shi yana nan. Wani mai faci da ke gefe ya gaji da kallonsa ya ce masa ai hanya ta yi fayau, ya wuce mana. Nomau ya nuna can ƙarshen duniya inda wata mota take kamar ƙuda, ya ce ga wata can tana tahowa. Rana ta take, alayyafo ya yi laushi ya kwanta a kwando kamar tsumma. Ran nan shi aka yi miya da shi, washegari ma shi, kuma ba wanda ya yi wa Nomau faɗa, abin da ya fi faɗan ciwo.

Wata rana kuma Salmanu ya ce masa mai keke ƙaramin abu ne a idon direba, dole ya sa abu mai haske a jikinsa wanda za a hango tun daga nesa. Shi da kansa rigar ruwan ɗorawa yake sawa saboda haka. Nomau ya zaga gidan ya rasa abin da ya kai madubin ɗakin Lantana haske, na kayan aurenta, ya ciro shi ya goya da igiya. Bai yi nisa ba rana ta daki madubin ta shiga idon wani ɗan acaɓa da ke bayansa, mutumin ya zarce cikin gonar gero da fasinjansa. Suka taso masa, garin gudu ya faɗi, madubi ya tsage gida biyu. Lantana ta juya shi a hannu, ta ga fuskarta a rabe, ta haɗiye abin da ta haɗiye.

"Haba ƙanin mijina, da ka tambaye ni ai da na ara maka jan zanena, ka ɗaura ka yi kyau."

Wata rana, wadda ba a son ambatonta a gidan, kaya suka yi yawa, Salmanu ya ɗora wa Nomau kwando ɗaya a ka ya ce ya biyo shi a ƙasa zuwa tasha. Safiya ce wankakkiya. Salmanu yana gaba a kan keke da rigarsa mai haske, a hannunsa, lafe da gefen titi yadda yake koyarwa. Wata tifa ta fito za ta wuce 'yar uwarta, ta ga mota gabanta, ta kwanto gefe. Ƙarar da Nomau ya ji ba ta da girma, kamar an taka ƙwarya. Da ya iso, kwalta ta yi kore shar da ganye, tayar gaba na juyawa ita kaɗai, wansa kwance da ido buɗe yana motsa baki ba sauti. Jama'a suka sa shi a wata mota aka nufi asibiti. Wani jami'in hanya da ya iso ya kama direban, ya dafa kafaɗar Nomau ya ce ya tsaya a kan keken nan, kada ya gusa, kada ya bar kowa ya taɓa komai har ya dawo.

Nomau ya tsaya. Yaran mai tifar suka zo za su ja keken cikin ciyawa, ya kwanta a kansa. Awaki suka zo cin ganyen, ya kore su. Salmanu bai kai asibiti da rai ba. Aka dawo da shi gida, aka yi masa sutura, bayan azahar aka aiko a kira ƙaninsa jana'iza. Ya ce an ce kada ya gusa. Aka roƙe shi, aka zage shi, wani ya ja hannunsa ya ji kamar yana jan kututture. Daga inda yake tsaye ya hango makara ta fito daga gari a kafaɗun mutane, ta bi ta bayan masallaci, ta sauka gangaren maƙabarta. Ya ɗaga hannu ɗaya, ɗayan yana kan sirdi, bai sauke ba har suka ɓace cikin itatuwan dogon yaro.

Da la'asar jami'in ya dawo, ya auna wurin, ya ɗauki hoton keken da sawun taya. Ya ce wa Nomau ya faɗa a gida cewa motar na da inshora, iyalin mamaci suna da haƙƙin a biya su, kada wani ya matsa musu su janye, su zo ofis idan sun natsu. Nomau ya kai saƙon kalma bayan kalma a tsakiyar masu zaman makoki. Baffa Wada, ƙanin mahaifinsu kuma babban gidan yanzu, ya daka masa tsawa ya ce a Rafin Gora ba a taɓa cin kuɗin jini ba, wanda kwanansa ya ƙare ya ƙare, kai gawa ofis abin kunya ne.

Wata rana cikin kwanakin makokin Inna Dela ta ji shi yana shessheƙa a tsakar gida. Ta ce masa kada ya riƙa kuka gaban Lantana, yana tayar mata da nata. Tun daga nan, ko abinci ake ci, idan abin ya taso masa sai ya ajiye loma ya ce, "Matar Yaya, bari in je in yi kuka," ya zaga bayan rumbu, ya gama, ya wanke fuska ya dawo. Lantana ba ta taɓa hana shi ba. Takan jira ya zaga, ita ma ta yi nata.

Wata rana, bayan an yi sadaka, wakilan mai tifar suka zo, dattawa da manyan riguna, da buhun shinkafa da goro. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, aka kira Malam Ishaƙa liman ya zama shaida. Suka yi ta'aziyya mai kyau, suka ce abin ƙaddara ne, direban yana tsare, motar ma haka, abin da suke roƙo shi ne iyali su furta sun yafe a kashe maganar. Baffa Wada ya riga ya yi musu alkawari tun a ɗakinsa. Ya juya ga Nomau, don a cika al'ada, ya ce ya shiga ciki ya kira duk mai haƙƙi a kan marigayi, kowa ya faɗa da bakinsa ya yafe. Nufinsa tsohuwa ta matso bayan ƙyaure ta amsa, a shafa fatiha.

Nomau ya shiga ya tsaya yana lissafi a ransa. Inna ta haifi Salmanu, tana cikin masu haƙƙi. Lantana matarsa ce, amma tana takaba, ba ta fita gaban maza, sai dai ta yi magana daga zaure. Ya riƙo hannun Inna ya zaunar da ita bakin ƙofa. Sannan ya koma, ya kwance Marka daga bayan uwarta, ya fito da ita ya kwantar a tsakiyar tabarma, tsakanin goro da gwiwoyin baƙi.

Inna Dela ta ce ta yafe, da muryar da ba ta fita sosai. Daga cikin zaure ba a ji komai ba, Baffa ya ce shirun mace amsa ce. Liman ya ɗaga hannu za a yi addu'a, Nomau ya ce saura ɗaya. Ya sunkuya kan yarinyar.

"Marka, mutanen da motarsu ta taka babanki ne. Kin yafe?"

Yarinyar ta kama babban yatsansa ta kai baki. Wani cikin baƙin ya yi murmushi, ya dubi fuskokin mutane, ya mayar da murmushinsa. Baffa ya ce a cikin haƙora ya ɗauke ta, jaririya ba ta magana.

"To mu jira ta yi baki, Baffa. Kai ka ce kowa da bakinsa."

Tifofi suna ta wucewa a kwalta. Malam Ishaƙa ya daɗe yana kallon ƙafafun yarinyar suna harbin iska, sannan ya sauke hannayensa daga addu'ar da bai fara ba. Ya ce shi ba zai shaida wannan ba. Inna tana iya yafe nata, amma rabon marainiya ba na baffa ba ne, ba na liman ba ne, ba mai ikon kyauta da shi. A bi hanya a karɓar mata, a adana, ran da ta mallaki hankalinta in ta ga dama ta yafe. Ita ma ta cikin zaure, ya ce, bai ji ta furta komai ba. Gobe shi da kansa zai raka su ofis. Baffa Wada ya kaɗe riga ya tashi ba sallama. Baƙin suka ce za su koma su faɗa wa mai motar, suka bar goron suka tafi.

Nomau ya ɗauki yarinyar ya rungume, bai san me ya yi ba, yana dai tsammanin faɗa idan Baffa ya huce. A cikin zaure ya tarar da Lantana tsaye jingine da bango, mayafi jiƙe a haɓarta. Ta miƙa hannu ta karɓi 'yarta, ta tambaye shi a hankali me aka ƙare a kai.

Ya ce, "Ba ta ce komai ba tukuna."