Korau Ya Kai Waya Neman Aiki

A garinmu Rafin Gawo, bayan masallacin Juma'a, akwai gidan Inna Tabawa mai daddawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya biyu: Zulai, malamar firamare da ke aure a birni, da autanta Korau. Korau ya gama sakandare, ga ƙarfi ga ladabi, kuma tun da ciwon gwiwa ya kama Inna shi ke ɗebo mata ruwa da itace. Halinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In Inna ta ce ya je ya ga ko an buɗe injin niƙa, zai je ya gani ya dawo ya ce an buɗe, ƙwaryar dawar kuwa tana zaure inda ya bar ta. Ni dai ban taɓa kiransa wawa ba, amma waɗanda suka kira shi ban yi musu gardama ba.

Wata rana Kawu Sambo, ƙanen Inna mai fataucin albasa a Kudu, ya zo ya yanke hukunci. Ya ce ƙato kamar Korau ba zai zauna a ɗakin uwarsa ba. In damina ta faɗi bai sami aiki ba, zai sa shi a motar albasa ya tafi da shi dako. Ranar Inna ko tuwo ba ta ci ba. Shi ma Korau hankalinsa ya tashi, don bai ga wanda zai riƙa ɗora mata tukunya a murhu ba. Ana cikin haka aka ji Hajiya Yalwa, mai babbar gonar kaji a bakin titi, tana neman mai kula da kaji mutum ɗaya, kuma sai da takardar neman aiki.

Wata rana Zulai ta zo da tsohuwar wayarta ta ba shi. Ta nuna masa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ake faɗa wa abu ta rubuta. Inna ta kasa riƙe sunan, ta raɗa mata Malamin Waya, sunan kuwa ya bi ta. Zulai ta ce ya faɗa wa Malamin komai game da kansa, shi zai tsara masa takardar. Korau ya gyara zama a gindin dalbejiya ya faro daga ranar sunansa. Ya faɗi ƙyandar da ya yi, da faɗowarsa daga jaki, da wanda ya yi masa kaciya, da yadda talo-talon Maigari ya taɓa bin sa har cikin masallaci, abin da ya sa har yau in ya ji kukan talo-talo sai ya nemi wurin ɓuya. Malamin Waya ya tambaye shi ko ya tabbata yana son duk wannan a takardar neman aiki. Korau ya ce Yaya ta ce komai. Da Zulai ta karanta ta kai wajen kaciya, sai da ta nemi bango ta jingina don dariya.

Wata rana ta dawo ta ce ya sake, amma ya yi wa abin magana cikin ladabi kamar yadda ake yi wa babban mutum in an je neman alfarma, ya fi ba da amsa mai kyau. Korau ya yi wanka, ya sa hula, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban wayar. Ya yi ina kwana, ya yi ina gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Malamin ya ce shi ba shi da iyali. Wannan ya ba Korau tausayi ƙwarai, ya yi masa addu'ar Allah ya kawo tagari, ya kuma tambaya ko iyaye suna raye. Babban mutum ba a faɗa masa buƙata da gaggawa, saboda haka ya ci gaba da jajantawa har data ta ƙare, bai kai ga zancen kaji ba.

Wata rana Zulai ta gaji, ta karɓi wayar da kanta ta ce a rubuta takarda mai ƙarfi, irin wadda mai gonar kaji ba za ta iya ajiyewa ba. Kafin ta rufe baki takarda ta fito tsaf. Takardar ta ce mai neman aikin ya saba da kiwon kaji, yana gane marar lafiya tun daga nesa, ya iya rigakafi, ya iya aiki cikin jama'a, kuma ba ya gudun abin da ke ba shi tsoro. Zulai ta ce shi ke nan, a tura. Amma a can ƙasa akwai wani ɗan layi da kowa ke tsallakewa, Korau kuwa ba ya tsallake komai. Ya karanta wa Inna: kafin ka aika, ka tabbatar duk abin da ke ciki gaskiya ne a kanka.

"To ka ji," in ji Inna. "Malamin nan ɗan gidan mutunci ne. Kada ka aika sai ya zama gaskiya."

Ita nufinta a goge abin da ba haka ba. Korau bai ji an ce goge ba, ya ji an ce ya zama gaskiya. Ya ajiye wayar ya fita.

Wata rana matan gari suka wayi gari Korau yana sallama gida gida, yana roƙon a bar shi ya share akurki ya ba kaji ruwa, kyauta. Wa zai ƙi? Daga nan ya manne wa Malam Ubale, malamin dabbobi, yana riƙe masa jaka ƙauye ƙauye, har Malam Ubale ya gaji da tambaya ya koya masa ɗiga wa kaza maganin rigakafi a ido, don ya sami sararin shan fura. Ya koyi cewa kazar da ta sauke fikafikai tana gyangyaɗi da rana ba hutawa take ba. Saboda zancen aiki cikin jama'a kuwa, ba gayyar da ta wuce shi: yaɓen masallaci, sharar gona, har jeren amarya sai da mata suka kore shi. Zulai tana ta aiko da saƙo cewa za a rufe karɓar takardu, shi kuwa yana cewa saura layi ɗaya.

Layin nan shi ne na tsoro. Wata rana Korau ya yi sallama da Inna kamar mai tafiya yaƙi, ya nufi gidan Maigari. Talo-talon ya gan shi, ya baza wutsiya, ya yo kansa. Karon farko Korau ya kwana da jin kunya, don a kan katanga aka sauko da shi. Ya koma washegari, ya sake komawa, yara na binsa suna dariya, har ranar da ya tsaya cik, ya rungumo tsuntsun ya danna shi a hammata. Ya dawo gida ya tura takardar. Sama ta riga ta fara haɗa hadari, Kawu Sambo kuma ya aiko cewa a ɗaure wa yaro kayansa.

Wata rana saƙo ya shigo daga gonar: wanda ya rubuta wannan takarda ya zo ranar Litinin da safe. Korau ya karanta, ya ga ba shi ake kira ba, amma gaskiya gaskiya ce. Ya kai wayar caji ta cika, ya goge ta da gefen riga, ya naɗe ta a sabon hankici. A gonar ya tarar da samari a layi, kowa ya sha guga. Da aka kira sunansa ya shiga, ya ɗora wayar a kan kujera, ya gyara mata zama ta fuskanci Hajiya, shi kuma ya koma gefe ya durƙusa.

Hajiya Yalwa mace ce mai faɗa, kuma safiyar ta ishe ta. Takardu ne tuli a gabanta, duk bakinsu ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk wanda ya shigo sai ya rantse shi ya rubuta tasa da kansa. Ta dubi kujerar, ta dubi Korau, ta tambayi mene ne haka.

"Hajiya, an ce wanda ya rubuta ya zo. Shi ne ya rubuta. Ni rakiya na yi."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta tambaye shi ko abin da aka rubuta a kansa gaskiya ne.

"Ranar da ya rubuta ba gaskiya ba ne, Hajiya. Shi ya ce kada in aika sai na tabbatar. Shi ya sa na makara."

Ta ce ya biyo ta. Suna shiga ɗakin kaji, kafin ta ce uffan, Korau ya nuna wata can a lungu ya ce waccan a ware ta yau. Aka ɗauko ta, fikafikai a sake, ido a lumshe. A hanyar fitowa talo-talon gonar, wanda ya riga ya tarwatsa layin samarin nan, ya taso musu. Korau ya ce masa sannu, ya sunkuce shi a hammata, suka ci gaba da tafiya. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ta daɗe tana neman wanda in ta ce a ba kaji ruwa da azahar, da azahar ɗin za a ba su, wanda kuma in kaza ta mutu zai ce ta mutu. Ta ce ya fara gobe.

Da suka koma ciki, Korau ya sake durƙusawa. Ya dubi wayar, ya dubi Hajiya, ya tambaya a hankali wane ne a cikinsu aka ɗauka.

"Kai, Korau. Kai na ɗauka. Shi ka mayar da shi gida, ka ce na gode."

Ruwan farko ya sauka a makon, motar albasa ta tashi da Kawu Sambo shi kaɗai a gaba yana gunaguni. Inna ta kwance ƙullin kayan da ta ɗaure da hannunta, ta mayar da rigunan ɗaki tana guɗa ita kaɗai. Da yamma Korau ya dawo daga aiki, ya cika mata randa, ya ɗora mata tukunya. Sannan ya cire takalmi, ya durƙusa gaban wayar, ya isar da saƙon Hajiya kamar yadda aka ba shi.