Shafin da Iya Tabawa Ke Zaɓa

Akwai wani ɗan jarida a garinmu, Malam Ɗayyabu, wanda aikinsa shi ne ya shiga gidajen abinci ya ci ya ƙoshi, ya goge baki, sannan ya koma ofis ya rubuta cewa abincin bai yi ba. Tun yana siriri kamar sillen kara ya fara, har tumbi ya hana shi hango takalminsa, amma ba a taɓa jin ya yabi miyar kowa ba. In gishiri bai yi yawa ba, to daddawa ta yi kaɗan. Shi a ganinsa, duk masu tuwon garin da fargabarsa suke kwana.

Rannan edita ya kira shi ya ce za a soke shafin nasa a sa tallan takin zamani, don babu alamar akwai mai karantawa. Hankalin Malam ya tashi ƙwarai, domin in shafin ya tafi, da aikin da cin banzan duk sun bi shi. Yana cikin wannan hali sai wani mai sayar da jarida ya tsegunta masa cewa akwai wata tsohuwa mai ƙosai a bakin tasha, Iya Tabawa, wadda in an kai mata tsofaffin jaridu, shafinsa take fara zarewa ta ajiye daban.

Malam bai yi wata-wata ba, washegari da safe ya tasa edita a gaba har bakin kaskon. Ga shafukansa nan kuwa jere a faranti, hotonsa na kallon sama. Ya gyara zaman hula, ya dubi edita ta wutsiyar ido.

"Iya, kin gane ni?"

Ta dube shi, ta dubi hoton, ta ce ta gane shi sarai, sai dai ya fi hoton ƙiba.

"To faɗa wa maigidana, duk faɗin jaridar nan me ya sa shafina kike zaɓa?"

Iya ta kwaso ƙosai mai zafi ta zuba a kan hoton Malam, ta naɗe, ta miƙa wa edita, sannan ta juyo wurin Malam.

"Ɗan nan, abin da za a kai baki ai sai da tsafta. Sauran shafukan kafin su iso ni duk sun sha hannu. Naka kuwa fes yake zuwa, ko buɗe shi ba a yi."