Yallaɓai Sheƙi Ya Gyara Shafin Neman Aiki

Duk wanda ya ce masu ido sun ƙare a duniya, bai taɓa hawa bene na biyu ya ga Yallaɓai Sheƙi ba. Mutum ne da Allah ya hore wa gani. Inda kai za ka ga farin bango, shi sai ya tsaya, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya ce farin ya cika surutu. Takalminsa kuwa, ko ƙuda ne ya sauka sai ya zame. Daga nan ma'aikata suka samo masa sunan. Da ya ji, sai ya ɗauka yabo ne, har ya nemi a rubuta masa a ƙofar ofis.

Kamfanin da yake wa aiki na Hajiya ne, yayar matarsa. Aikinsu guda ɗaya ne: shafi a intanet inda masu neman ma'aikata ke saka sanarwa, masu neman aiki kuma su shiga su nema. Shekara shida Yallaɓai yana kula da motocin kamfanin, waɗanda guda biyu ne. Sai aka tura shi bitar kwana uku kan tsara shafuka, domin injiniyar da ya kamata ta je ta haihu a makon. Ya zauna kwana ɗaya da rabi. Ya dawo da takardar shaida, da tabarau marar magani, da muƙamin da ya raɗa wa kansa: Shugaban Sashen Ƙawata Shafi. Sashen mutum biyu ne, shi da injiniyar.

Maganar gaskiya, shafin yana buƙatar gyara. Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, kuma a waya sai ka yi ta ja hagu da dama. Da injiniya ta dawo aiki, ta zauna da masu neman aiki goma sha biyu, ta kalli inda suke maƙalewa, ta kawo shawara a takarda ɗaya: a ƙara girman rubutu, a sa wurin bincike a sama, a sa babban maɓalli mai cewa "Nemi Wannan Aiki".

Yallaɓai ya riƙe takardar da yatsu biyu.

"Ƙanwata," in ji shi, "wannan ai shafi ne, ba allon sanarwar asibiti ba. Mai neman aiki mutum ne da duniya ta yi wa zafi. Kafin ki ba shi aiki, ki fara ba shi abin kallo. Mu da muka yi karatun abin mun san ido ke shiga kafin hannu."

Wata guda aka yi ana ba mai neman aiki abin kallo. Da ka buɗe shafin, sai rana ta fito a hankali daga bayan duwatsu, muryar Yallaɓai tana yi maka maraba. Ba a tsallakewa. Bayan rana sai hotonsa, ya harɗe hannuwa yana duban nesa. Rubutu ruwan zinare ne a kan rawaya, domin baƙi launin makoki ne. Wurin bincike ya koma can ƙasa, saboda ya ɓata wa hoton kafaɗa. Maɓallin neman aiki kuwa, ya ce rubutu a kai ƙauyanci ne. Aka mayar da shi ɗan tauraro marar suna, mai yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Nasara ba ta zama wuri ɗaya," in ji Yallaɓai. "Mai son ta ya bi ta."

Ranar Talata wani dattijon direba ya hawo benen yana haki, da waya mai tsagaggen gilashi a hannu. Wata bakwai ba shi da aiki. An ce masa wata makaranta na neman direban bas, kuma ranar za a rufe. Sau huɗu yana kallon fitowar rana, datarsa na ƙarewa kafin a kai ga kafaɗar Yallaɓai.

"Ranka ya daɗe, ina ake dannawa ne?" ya tambaya.

Yallaɓai ya ji daɗi ƙwarai. Ya kira ma'aikata su zo su gani.

"Kun ga abin da nake faɗa? Shafi ya taɓa zuciyar bawan Allah har ya tako da ƙafarsa ya ga wanda ya zana. Baba, kada ka damu, ba kai kaɗai ba ne. Zo mu yi hoto."

Aka yi hoto. Injiniya ce ta ja dattijon gefe, ta cike masa takardar neman aikin ta kwamfutarta, saura minti ashirin a rufe.

Ba a jima ba masu saka sanarwa suka fara kiran Hajiya. Wani shagon magani ya yi mako biyu yana neman mai sayarwa, mutum ɗaya ya samu, shi ma bisa kuskure ya taɓa tauraron yana ƙoƙarin rufe shafin. Hajiya ta ɗauki wayarta ta gwada da kanta. Ta bi tauraron da yatsa har shayinta ya huce. Ta tura Yallaɓai wata bitar ta mako guda, ta kira injiniya ta ce ta ɗauko takardar nan tata.

Da ya dawo ya tarar da farin shafi, baƙin rubutu, da ƙaton maɓalli kore. Ya kuma tarar mutane na shigowa ɗari-ɗari. Da wani mai ƙaramar zuciya ne, da sai ya yi fushi. Yallaɓai taro ya kira.

Ya tsaya gaban babban allo da sandar nuni. Hajiya na zaune a gaba. A allon akwai sabuwar sanarwar aiki da aka saka da safen nan.

"Jama'a, wannan shi ne mataki na biyu na tsarina. Da gangan na fara da ƙawa, don ku san darajar sauƙi. Ku dubi sanarwar nan. Ku dubi yadda rubutu ke numfashi. Ku dubi koren nan, ni na daɗe ina ganinsa a zuciyata. Daga safe zuwa yanzu mutum ɗari uku da tara sun nema! Wa ya taɓa ganin haka kafin zuwana?"

Babu wanda ya tafa. Akantan kamfanin ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar takalmin da ba shi da igiya.

"Karanta mana ita," in ji Hajiya.

"Yaya, mu masu zane ba karantawa muke ba, kallo muke."

"Yau dai daure ka karanta."

Ya cire tabarau, ya matsa kusa da allon. Ya fara da muryar nan tasa ta maraba: "Ana neman Shugaban Sashen..." Sai muryar ta sirance. Leɓensa ya ci gaba da motsi har ƙarshen layi. Ya juyo.

"Yaya, wannan ai kujerata ce."

"Ita ce," in ji Hajiya, tana tattara takardunta. "Ka ga har kai ka gane a karatu ɗaya. Lallai shafin ya gyaru."